Wasiƙa Daga Kan Iyaka: Ɗalibi Da Aiki Kafin Ƙare Kwaleji

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo a sāke ba ni ɗan filin nan da aka saba ba ni, domin in amsa wata tambaya da ta iso mini tun watan jiya. Wani malamin makaranta ne daga ƙasar Kaita ya rubuto, ya kuwa roƙa kada a ambaci sunansa. Ɗansa ya ƙare ƙaramar difloma a kwalejin fasaha, ya zo nan Magamar Jibiya aikin gwaji na shekara guda wurin wani ejan mai fitar da kaya, ga shi an shiga shekara ta uku bai ko tā da zancen komawa makaranta ba. In an yi masa magana sai ya ce shi har yanzu yana duba abin da ya dace da shi. Malam yana so ya sani, shin barin yaro ya taɓa aiki kafin ya ƙare karatu dabara ce ko kuwa sakarci, kuma yanzu ina mafita.

Allah ya gafarta Malam, tambayar nan ba taka ba ce kai kaɗai. Kusan kowane gida mai ɗan boko daga nan har Batsari da Kaita yana da irinta, sai dai ba kowa ne ke da ƙarfin zuciyar rubutowa jarida ba.

Mu fara da abin da hukuma ta tsara, gama mutane da yawa suna zaton wannan shekara ta aiki yara ne suka ƙago ta don gudun karatu. Ba haka ba ne. A kwalejojin fasaha na Nijeriya, irin su Kwalejin Hassan Usman da ke Katsina, ɗalibi yakan yi shekara biyu ya sami ƙaramar difloma, sa'an nan lalle ne ya fita ya yi aiki shekara guda, wanda yara ke kira Aiti, kafin a karɓe shi ya yi wasu shekaru biyu na babbar difloma. Ban da wannan kuma akwai gajeren aikin koyo na 'yan watanni da a kan tura ɗalibai tun suna cikin karatu, wanda asusun horad da ma'aikata na ITF, da aka kafa a 1971, ya ƙirƙiro a 1973, saboda kukan da masu masana'antu ke yi cewa ana kawo musu masu takarda waɗanda ba su taɓa riƙe ƙarfe ba. A shekarar 2024 ma hukumar yi wa ƙasa hidima ta ba da sanarwa cewa mai babbar difloma ba zai shiga sansani ba sai ya nuna shaidar ya yi wannan shekara ta aiki, aka kuwa komo da waɗansu daga bakin ƙofa. To, ka ga barin yaro ya fito bai zama laifi ba. Maganar tana ga abin da ya samu a waje, da kuma ranar komawarsa.

Ko magabatanmu ma ta nan suka bi. Marigayi Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina, mutumin ƙasarku, da ya fito Kwalejin Katsina ya yi shekaru yana koyarwa a Midil ta Katsina, a 1941 ya tafi Ankara ta ƙasar Gwalkwas, wadda a yau a ke kira Gana, yana karanta labarun yaƙi da Hausa a gidan rediyo, ya komo a 1944 ya kama aikin En'e, sai a 1948 ya tafi Ingila ya karanta sha'anin mulki a Ekseta. Duba ka gani, bai karanta mulki ba sai da ya zauna cikin ofis ya ga yadda a ke mulkin. Haka Abubakar Tafawa Balewa, ya bar Kwalejin Katsina a 1933, ya yi ta koyarwa a Bauci, sai 1945 ya tafi Landan ƙaro ilmin koyarwa, bayan ya sha allo da alli shekara goma sha biyu. Na san wani zai ce ai su sai da suka ƙare Kwaleji tukuna suka fita. Gaskiya ne, kuma a riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Ni kaina abin da ya sa na ke da bakin magana a nan, ta wannan ƙofa na shigo. Na yi makarantar Mishan, inda aka hore mu a kan kyawun rubutu da Turanci da lissafin ka, na wuce kwalejin fasaha na karanta sha'anin kasuwanci, ba don na san ciki da bai ɗinsa ba, sai don shi aka ba ni. Iyakar burina a lokacin in sami tebur a Sakatariya. A 2015 aka kawo ni wurin wani ejan a Magama, aka ba ni kujera kusa da taga, aka ce in riƙa kwafe takardu.

A wannan shekara ce Nijeriya ta soma aiki da kuɗin fito na bai ɗaya na ƙasashen ECOWAS. Ga yadda abin ya ke, don waɗanda ba su sani ba. Duk wani kaya da a ke saye da sayarwa a duniya, daga allura har jirgin sama, yana da lambarsa cikin wani babban kundi wanda hukumar kwastan ta duniya da ke Burasal ta ƙasar Beljiyam ke kula da shi, an kuwa fara aiki da shi tun 1988. Lambobi shida na farko iri ɗaya ne ko'ina, a Sin ko a Faransa ko a Ɗan Isa, sa'an nan mu a nan a kan cika su zuwa goma. Lambar nan ita ke faɗin ajin da kaya ya faɗa, azuzuwan kuwa biyar ne: akwai wanda ba a biyan kome, akwai na 5 bisa ɗari, da na 10, da na 20, da na 35. Kayan da ba a sarrafa ba da injunan sana'a suna ƙasa, kayan da aka gama aka shirya don kanti suna sama. A kan ƙimar kaya haɗe da kuɗin dako da inshora a ke lissafi. To, ɗauki kayan Naira miliyan 10. In suna ajin 5 bisa ɗari, dubu 500 ke nan. In akawu ya zame da alƙalami ya sa su a ajin 20, an koma miliyan 2. Tsakanin lamba da lamba, ɗan kasuwa ya yi hasarar miliyan ɗaya da rabi, ko kuwa, in zamewar ta yi ƙasa ce, a tsare masa mota a ci shi tara. Ranar da na gane haka na daina ganin aikin akawu ƙaramin abu.

Ba shi ke nan ba. Mutumin Maraɗi ɗan'uwanka ne, Hausarku ɗaya, kakanninsa ma daga Katsina suka tashi zamanin Jihadi, amma in ya ce maka ɗari, ba sefa ɗari ya ke nufi ba, dala ɗari ya ke nufi, dala guda kuwa sefa biyar ce, watau sefa 500. In ya ce jika, sefa 1,000 ke nan. Sefarsu kuma a ɗaure ta ke da kuɗin Yuro, kowane Yuro guda sefa 655.957, ba ta motsi, alhali Naira kullum da farashin da ta ke kwana da wanda ta ke tashi. Saboda haka mai kawo wake ko aya ko dabbobi daga can, da mai kai masara ko siminti ko kayan roba daga nan, ribarsu da faɗuwarsu sau da yawa ba a kasuwa su ke ba, suna wurin ɗan canji. Sa'an nan ga takardun duwan na can, da Faransanci a ke cika su. Na ga manyan alhazai masu motoci goma suna tsaye a rana suna jiran wani yaro ɗan Tibiri ya zo ya karanta musu layi uku. Ko da ya ke a 2025 hukumomin Nijar sun ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, sun bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki, kuma ko da ya ke tun 1996 Janar Sani Abacha ya yi shelar Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu a Nijeriya, ni dai a nan Magama masu iya rubuta wasiƙa da shi daga cikin 'yan bokonmu ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba. Wannan abin kunya ne ga ƙasar da ke maƙwabtaka da Binin da Nijar da Cadi da Kamaru, amma wannan zance ne na wani makon.

Abin da na ke so Malam ya lura da shi, duk waɗannan abubuwa an taɓa ambata mana su a aji, muka kwafe, muka ci jarrabawa, muka manta. Sai da na ga mota tsaye da direba yana zage-zage, da mai kaya yana lissafin kuɗin kwana, sa'an nan na san inda ilmina ya ƙare. Wannan shi ne amfanin aiki ga ɗalibi, ba albashi ba. Aiki ba ya cika maka kai da ilmi, nuna maka ya ke yi inda ramin ya ke, ka koma makaranta ka san abin da ka je nema. Da na koma a 2017 na ɗauki fannin saye da ajiyar kaya da jigilarsu, da yamma kuma ina zuwa wurin wani malami ɗan Nijar koyon Faransanci. Malamanmu ba su sāke ba, littattafan ma su ne na dā, amma yanzu in an faɗi abu sai in ga fuskar mutumin da abin ya taɓa cinye wa jari. Mu da muka taɓa aiki na gaske mun fi damun malamai da tambaya, har wani daga cikinsu kan ce da ganin hannu a sama ya san ɗan kan iyaka ne.

Amma fa kada a ɗauka kowane aiki ne ke yin wannan. Ga inda na ke jin tsoro game da ɗan Malam. A bakin iyaka aiki iri biyu ne. Akwai wanda ke sa ka buɗe littafi, akwai wanda ke sa ka buɗe aljihu kawai. Yaro ya tsaya bakin shinge yana haɗa direba da mai kaya yana karɓar la'ada, ko ya ɗauki babur yana bin hanyar daji da jarkoki ko buhunan shinkafa, a mako guda ya kama abin da malamin firamare ba ya samu a wata. Wannan ba ya nuna masa ramin kome. Abin da ya ke koya masa shi ne raina mai albashi, da raina ubansa ma in ba a yi sa'a ba. Ban da haɗarin rai da na ɗauri, gama fasa-ƙwauri laifi ne, ko mutum ya kira shi da wane suna. Irin wannan yaro in ya ce yana duba abin da ya dace da shi, ba dubawa ya ke ba, kuɗi ne suka yi masa daɗi.

Su kuwa kuɗin bakin iyaka, mu da ke zaune nan mun san ba su da alkawari. A watan Agusta na 2019 Gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. A watan Nuwamba aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, Jibiya kuwa tana ciki. Da aka buɗe waɗansu iyakoki huɗu a Disamba 2020, Seme da Illela da Maigatari da Mfum, ba a sa tamu ba, sai a Afrilu 2022 aka buɗe Jibiya tare da Idiroko da Kamba da Ikom. Shekara biyu da wata takwas ke nan. A tsakanin nan ga fitinar 'yan bindiga, har a 2021 Gwamnatin Jihar Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka kuma yanke layin waya. Mutane ba su gama farfaɗowa ba, sai ran 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifad da Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai, ECOWAS ta sa takunkumi, aka sāke garƙame ƙofa, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Ran 29 ga Janairu 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ECOWAS ɗungum.

Na ƙare babbar difloma a shekarar da aka yi rufewar farko. Ban ga ofishin ejan a buɗe ba, amma wanda ya iya lissafin kaya da ajiyarsu ba ya rasa mai nemansa, na yi hidimar ƙasa, na riƙe wa wani mai hatsi littattafansa a Katsina har aka buɗe na komo. Abokan da muka zauna benci ɗaya da su a 2015, waɗanda suka ce karatu ya jira, na ga abin da ya same su. Wani ya sayad da babur, wani ya tafi Legas, wani ya nemi komawa makaranta ya tarar ga mata ga 'ya'ya biyu, ba halin zama aji. Ba su fi ni wauta ba, wallahi waɗansu sun fi ni kai nesa ba kusa ba. Sai dai sana'arsu duka tana rataye ne ga ƙarfe guda da a ke ɗagawa a sauke, wanda mabuɗinsa ke Abuja da Yamai.

Yanzu mu komo kan maganar da na ce a riƙe. Su Wazirin Katsina sun fita aiki da takarda a hannu. Mai ƙaramar difloma ma yana da ɗan abin riƙewa. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne ɗan jami'a da ya bari a tsakiya. Lokacin yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur, buɗe iyakarmu ya faɗo a tsakiyarsa, ɗalibai suka kwararo nan neman abin yi. Da aka janye yajin mafi yawa sun koma, waɗansunsu ma da sabon ido, na san wanda ya ga yadda a ke duba lafiyar dabbobi da hatsi kafin su ƙetare ya koma ya dage ga ilmin noma da dā ya ke raina shi. Amma akwai waɗanda har yau suna nan, shekara biyu ko uku na karatu sun tafi a banza, gama jami'a ba ta ba da rabin digiri. Wanda zai tsaya a tsakiya, lalle ya rubuta takardar neman jinkiri a amince masa a rubuce, ya kuma sani kowace makaranta tana da iyakar shekarun da ta ke yarda ɗalibi ya yi, in sun wuce an shafe sunansa.

Akwai kuma agogo guda da yara ba sa ji. Dokar yi wa ƙasa hidima ta ce wanda ya haura shekara 30 kafin ya ƙare karatu ba ya zuwa, sai a ba shi takardar yafewa. Takardar halal ce, amma shekarar hidima ta wuce shi, da ɗan alawus ɗinta da mutanen da zai sani. Ayyukan Gwamnati masu kaki kuma, har da kwastan ɗin da yaran nan ke sha'awa, duk suna sa iyakar shekaru in za su ɗauki sababbi. Malam ya ƙirga shekarun ɗansa, ya ƙara biyu na babbar difloma, ya ga abin da ya rage.

Shawarata ga Malam, kada a soma da faɗa, kada kuma a aika masa da saƙo. Zuwa da kai ya fi aike. Ka zo Magama ranar aiki, ka zauna a inda ya ke, ka ga abin da hannunsa ke taɓawa daga safe zuwa azahar. Sa'an nan ka yi masa tambaya guda: a cikin aikin nan, mene ne abin da maigidanka ko wani ke yi wanda kai ba ka iya ba, kana kuwa jin haushin rashin iyawar? In ya amsa nan take, ya ce lissafin fito, ko Faransanci, ko sarrafa kwamfutar da a ke shigar da bayanin kaya, ko dokar ciniki, to ya riga ya sami hanyarsa, saura a sa rana. In ya yi shiru, ko ya kawo zancen abin da ya ke samu a mako, to wurin bai koya masa kome ba, ƙarin shekara kuwa ba za ta koya masa ba, gara a ɗauke shi tun yanzu.

In ya zamana abin da ya gano ya saɓa da abin da ya karanta, a sani babbar difloma takan bi sawun ƙarama ne, ba a cika barin mutum ya tsallaka daga wani fanni zuwa wani mai nisa ba. Amma mai sakamako mai kyau yana iya neman shiga jami'a kai tsaye ta hannun hukumar JAMB, a sa shi aji biyu a fannin da ke kusa da nasa, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ga ta Tarayya a Dutsin-Ma. Ya kuma tuna a watan Fabrairu 2021 aka ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wajen kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da nan Jibiya. Duk ranar da jirgi ya soma jan kaya a kanta, ba za a nemi mai tsayawa bakin shinge ba, za a nemi mai iya rubuta takardar kaya da harshe biyu.

Abu na ƙarshe, kafin ya bar wurin ejan nan ya karɓi takardar shaidar aiki a kan takardar kamfani mai hatimi, da ranar farawa da ranar gamawa da irin aikin da ya yi, a kuma tabbata kamfanin mai rajista ne, yana da lasin na kwastan. Na ga yaran da suka yi shekara biyu suna wahala wurin wanda ba shi da ko allon suna, ranar da makaranta ta nemi shaida aka rasa mai sa hannu. Ya kuma roƙi maigidan ya bar masa kujerarsa lokacin hutu, mafi yawansu sukan yarda, gama samun yaro mai amana da iya rubutu a nan ba abu ne mai sauƙi ba.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Akawun Kan Iyaka,
Magamar Jibiya.